Huda ta Biyar

Da ƙusa na yi ta, a kan dakalin gidanmu a Karantina,
huda ta biyar a jikin bel ɗina.
Barira ta leƙo ta taga ta ce,
"Ka bar fatar nan ta huta, shekara tara tana maka bauta."

Kilo ashirin da uku.
Ban san inda suka sauka ba.
Wataƙila suna can bakin Bahar Maliya
inda nake taka sayyada bayan asuba,
tun ranar da likita ya ɗaga takarda
ya ce sukari ya yi sallama, yana zaure.
Na bar shayi mai madara, na bar kabsa da dare,
na koyi wuce mai kunafa kamar ina bin sa gaba.

Yanzu jallabiyoyina sun zama na wani.
In na saka, kafaɗa ta sauko gwiwar hannu,
iska ta shiga ta wuya, ta fice ta ƙasa,
ba ta ko gaishe ni ba.
A masallaci Haladu ya ja ni gefe, ya rage murya:
"Lafiya dai? Igama ce ta mutu, ko bashi ne?"
Mu a wurinmu tumbi ne shaidar samu,
wanda ya rame sai ya kawo hujja.

Riyal ɗari da ashirin,
abin da ya tsira daga bakin haya,
da littattafan Zulai, da saƙon tsohuwa a Gumel.
Na ƙirga sau biyu. Bai haihu ba.

Ran Juma'a da la'asar na faɗa kasuwar Sawarik.
Gwanjo tsibi-tsibi, rigunan mutanen da ban sani ba,
wata har yau da ƙanshin turaren mai ita a wuya,
wata da rasit ɗin kantin magani a aljihu.
Mai kayan ya ce talatin. Na ce goma.
Ya dafa ƙirji, ya ambaci 'ya'yansa bakwai. Na juya.
"Sha biyar, ya hajji, sha biyar!"
Na ɗauki farare biyu, da ruwan toka saboda sanyin Jidda
da ba ya wuce mako uku,
da wando guda na sha biyu,
maɓallinsa baƙo ne, amma yana riƙe amana.

Shida cikin tsofaffin na kai wa Sha'aban tela
a lungun bayan gidan burodi.
Ya zagaya ni da tef, ya buɗe tsohon littafinsa,
ya sake aunawa, ya tuntsire da dariya:
"Mai wannan shafin kam, Allah ya jiƙansa."
Takwas-takwas, ya cinye gefe da gefe.
Ƙyallayen da ya yanke ya ɗaure mini a leda,
da nauyinsu, kamar na ɗauko kaina na bara.

Shuɗiyar shaddar da na zo da ita daga gida
ban bar almakashi ya kusance ta ba.
Babbar riga ba ta tambayar kilo,
naɗe ta kake a kafaɗa ka wuce.
Haka haramina, ƙyalle biyu ba ɗinki:
da ni mai tumbi da ni na yau
duk ya karɓe mu bai ce uffan ba.

Uku na ba Haladu, suka zauna masa ɗas.
Ɗaya, mafi girma, na tura ƙasan akwati.
Barira ta gani ta kau da kai.
Ta san ni, ta san azumi na tafe da sambusa.

Bayan kuɗin mota, riyal biyar suka rage.
Sabon bel ashirin ne.
Ƙusar tana nan a kan taga.