Wanzaman Teku

Ƙarfe huɗu da rabi Noy Dario ya ƙwanƙwasa ƙofar gora.
Zakarun Malapascua sun riga shi,
su da ba su san asuba ba, duk dare nasu ne.
Jakar bayana na jingine da bango,
wata uku tana bina tsibiri zuwa tsibiri,
ta sha gishiri har zif ɗinta ya daina jin magana.

Manang Consing ta miƙo baƙin kofi
da shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba.
"Ci kaɗan," in ji ta, "teku na karɓar rabonsa."

Kwalekwalen na da hannuwan gora hagu da dama,
gizo-gizon da ya koyi taka ruwa.
Noy Dario na ɗaura mini tukunyar iska
da hannu mai yatsu uku.
Biyun, ya ce, nakiya ta ci,
zamanin da yake jefa kwalba a ruwa
kifi ya taso fari fat, ciki sama.
Shak kuwa da ƙugiya:
a yanke fiffike, a tura saura.
Bai ce ya yi nadama ba.
Ya dai ja maɗaurina har sai da na yi tari.

Muka faɗa ta baya.

Ja ne ya fara ɓacewa, rawaya ta bi shi.
Ƙwarzanen da tsani ya yi mini a yatsa
na zubar da jini kore.
Kunnena ya toshe, ya buɗe, ya toshe.
Ba na jin kowa sai ni,
ina shiga, ina fita,
kumfa na hawa da labarina sama.

Muka durƙusa a gefen tudu, bayan igiya,
mu shida, tsit, kamar masu jiran rabon gado.
Gabanmu rami shuɗi marar gindi.
Minti goma.
Allurar iska na sauka,
sanyi ya samo hanya ta wuyan rigar roba.
Na fara lissafin kuɗin da na biya.

Sai ga ta.

Wutsiya ce ta fara isowa idona,
doguwa kamar jikinta duka, lauje mai lilo.
Fata azurfa da aka goge da toka.
Ido ƙato, baƙi wuluk,
irin na yaron da aka tasa daga barci.
Baki ɗan ƙarami. Na tsaya neman haƙoran
da na kwana ina ƙirgawa.

Wasu 'yan kifaye, ba su kai yatsa ba,
masu zane shuɗi a kwiɓi,
suka taso mata daga murjani.
Ta rage gudu. Ta karkata.
Suka bi ta ciki da baya suna tsinta,
ɗaya har gefen baki.
Ashe gidan wanzamai ta zo.
Daga duhun da ba ma iya kaiwa
take hawowa da sassafe,
ta miƙa wuya ga mai aska,
ta zagaya, ta dawo, a gyara ɗaya gefen.

Ta wuce ni da taku huɗu.
Idon ya ɗauke ni, ya ajiye
tare da duwatsu.

Na waiga. Noy Dario ya kafa tafinsa a goshi,
alamar shak, da yatsu uku,
bai sauke ba har shuɗi ya haɗiye ta.

A sama rana ta fito, inji na tari.
Ya tofar da gishiri, ya kunna taba.
"A mace sau ɗaya zan sayar da ita," ya ce.
"A raye, bana kaɗai, na daina ƙirga.
Ita ke biyan makarantar Lorna a Cebu."
Ya yi dariya, sannan ya yi shiru,
yana kallon wurin da kumfarmu ta mutu.

Na buɗe littafin nutso a kan gwiwa.
Zurfi: mita ashirin da tara.
Lokaci: minti arba'in da ɗaya.
Abin da aka gani:
layin bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Ruwa ya ɗiga daga gashina, ya jiƙa wurin.
Na bar shi haka.

Jirgin azahar ba ya jira.
Na goya jakata, zif a buɗe,
yashi na zuba a bayana har bakin gaɓa.