Igiya Mai Ƙulli Uku

Alfadararmu Carriça ta mutu bayan girbin zaitun,
ta kwanta gefen rijiya kamar mai jiran a kira ta.
Shekara goma sha tara tana jan garma a tudun nan.
Albano bai yi kuka ba, cin abinci ya daina,
ya rataye linzaminta a ƙusar hularsa.

Ɗanmu Telmo ya bugo waya daga Faransa,
inda yake jera bulo a gidajen wasu:
"Ku sayi tarakta, ƙarama. Zan turo rabi."
Ɗaya rabin man zaitun ne na shekara uku
da sarƙar da uwata ta bar mini.

Kafin mu tafi Mirandela na kwance igiyar shanya.
Ƙulli na farko, faɗin ƙofar dutse da surukina ya gina.
Na biyu, tsakanin kurangar inabi da 'yar'uwarta.
Na uku, kwanar bayan coci,
inda motar burodi ma sai ta ja baya sau biyu.

Mai shagon yaro ne, takalminsa bai san taɓo ba.
Albano yake kallo, Albano yake wa bayani:
ƙarfin doki arba'in, kujera mai laushi, rumfar gilas.
Ni kuwa na durƙusa, na shimfiɗa igiya gaban tayoyi.
Ja ta zarce ƙullin farko da taƙi guda.
Shuɗiya ta zarce da yatsa huɗu.
Can ƙurya ga wata ruwan goro, ta hannu,
doki ashirin da biyar, fenti ya koɗe a kafaɗarta.
Igiya ta ce ita.

Sai a lokacin yaron ya gan ni.
Ya ce tarakta ba abin ja, tukunya ce ba murhu.
Ya buɗe littafi mai hotuna:
garma mai baki biyu, haro mai faranti,
shebur na gaba, tankin feshi, wuƙar ciyawa, tirela,
mahuda mai murɗa ƙasa don kafa shinge.
Kuɗin kowanne a ƙasa, ƙanana kamar kiyashi.

Albano ya ɗora yatsa kan mahuda, ya ƙi ɗagawa.
Na ce, shinge nawa za ka kafa,
kai da bayanka ke ƙara in ka sunkuya?
Ya ce mutum ya so abu ba laifi ba ne.
Na ce so kyauta ne, mahuda da kuɗi ake ɗauka.

Garma na zaɓa, don dankali ba ya jiran kowa.
Wuƙar ciyawa, don na ga gobarar bara,
yadda ta bi busasshiyar ciyawa ta lashe gonar Amílcar
har itatuwan da kakansa ya dasa.
Tirela kuwa ba don buhunan zaitun kaɗai ba:
gwiwoyin Albano sun daina hawan tudu,
na auna a raina, kujerar kicin za ta zauna ciki.
Shebur ɗin na so shi. Na shafa bakinsa mai sanyi.
Sai baɗi, in da rai, in zaitun ya yi.

Ran da aka kawo ta duk ƙauye ya fito,
mu goma sha ɗaya ne.
Ta shige ƙofar dutse, saura kaurin yatsa kowane gefe.
Na hau. Ta yi tari, ta girgiza ni har haƙora.
Kunyar farko ta fito a karkace
kamar rubutun ɗan aji ɗaya.
A ƙarshen layi, inda alfadara kan juya da kanta,
na ja sitiyari zuwa ƙirjina, na ce, "Tsaya, Carriça!"

Ba ta san sunan ba.
Duwatsu uku suka gangaro daga katanga.

Albano na bakin gona, dariya ta hana shi miƙewa.
Da dare ya sha miya kwano biyu,
ya goge baki, ya ce da mun sayi mahudar nan,
da gobe shinge zai kafa a wurin.