Jiniyar Kakuri

Babana jiniya ce ke tashinsa.
Shekara ashirin da ɗaya a masaƙar Kakuri,
ƙarfe shida keke na ƙofa, kwanon tuwo ɗaure a baya,
har ranar da aka sa wa ƙofar masaƙa sarƙa,
ciyawa ta karɓi aikin da mutane suka bari.

Ni kuwa ɗan ƙaramin kuka ke tashina
daga ƙarƙashin matashi:
"Salamu alaikum, nawa ne na ƙarshe?"
Ƙarfe biyun dare. Ba suna, ba fuska,
sai hoton fure.

Ofishina tebur ne mai ƙafa uku da rabi,
tsohon littafin lissafi ya cike rabin.
Ba ni da shago, ba ni da haja.
Bakin wasu nake,
mai shelar abin da hannun wasu ya yi:
dambun naman Kuluwa ta Unguwar Sanusi,
kujerun Iliya na Fanteka,
ɗinkin Gambo na lungun Kasuwar Barci,
wanda allurarsa ta fi bakinsa iya magana.

Hasken rana ya fi na fitila gaskiya,
don haka da hantsi nake shimfiɗa farin mayafin Inna a tsakar gida,
in kori kaji,
in durƙusa wa dambu kamar mai gaida suruki,
in ɗauki hoto goma sha bakwai, in goge sha shida.

Wata rana mutum dubu uku su kalla, ba mai taya.
Ido ba mudu ba ne, ashe ba aljihu ba ne kuma.
Data ta cinye kuɗin cefane, wuta ta yi tafiyarta,
in zauna a bencin Bulus mai caji
ina gadin jarina a jikin soket.
An taɓa turo mini alat na bogi,
kujera shida suka hau mota zuwa Kawo;
wata huɗu ina biyan Iliya, ina sunkuyar da kai.

A majalisa an ce ɗan Malam Tanimu
ya gama karatu ya shige ɗaki yana latsa waya.
Baba bai tanka musu ba. Ni ya tambaya:
"Wa ke biyanka ƙarshen wata?"
Na ce babu.
"To wa zai sallame ka?"
Na ce babu.
Ya daɗe yana kallon tsohon kekensa.

Ran wata Lahadi aka kawo atamfa in tallata.
Na rubuta: mai inganci, babu irinta.
Baba ya miƙo hannu,
ya murza bakin turmin tsakanin yatsu biyu,
ya shinshina, ya ɗaga wa rana.
"Goge wannan.
Rubuta: za ta ɗan zuba a wankin farko, daga nan ta zauna.
Sitaci ya yi mata yawa, amma zaren nagari ne."
Na ce, Baba, a talla ba a faɗin aibu.
Ya ce, "Ko ka faɗa ko ka ɓoye, ruwa zai faɗa."

Na rubuta ina jin zafin hannuna.
Kafin isha'i turmi tara sun tafi.
Wata mata daga Barnawa ta sayi biyu,
ta ce tunda take saye a waya
ba a taɓa gaya mata zani zai zuba ba.

Yanzu da hantsi ba ni kaɗai ke korar kaji ba.
Yana zaune gefen mayafin,
tabarau ɗaure da zare,
yana duba ɗinkin Gambo ta ciki,
yana tuhumar ƙusar Iliya.
Ban sa masa albashi ba; ya ce goro ya isa,
sai dai farashin goron kullum tashi yake.

Jiya barci ya kwashe ni bayan asuba.
Waya ta yi kukanta a kan tebur, ban ji ba.
Sai na ji sanda na ƙwanƙwasa ƙyaure:
"Kai, tashi.
Jiniyarka ce ke kira."