Gaba Goma Sha Bakwai

Jadi ya aiko hoto mai motsi daren Talata.
Cima ta riƙe mini salular, don hannuna duk laka ne.
Ga ƙanena can ƙarƙashin Bahar Maliya,
tulun iska a bayansa kamar mai goyon ɗan wani,
ƙafafunsa sun koma na agwagwa,
kumfa na fita daga bakinsa tana hawa sama
ɗaya bayan ɗaya, kamar ana jan carbi.

Ya ce jirgin nan ya girmi babanmu.
Ya kwanta a gefe guda kamar saniyar da ta gaji,
ƙarfensa ya tsiro gashi, ja da rawaya.
A cikinsa babura na jere, ba wanda ya taɓa hawansu,
wani kifi mai kaurin leɓe ya kama haya a mazaunin direba.
Baƙi na biyan kuɗi, in ji shi, su sauka su gani.
Akwai wani wurin can gabas mai nisa
inda jiragen yaƙi suka kwanta garke guda,
can yake son zuwa in ya tara guzuri.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Shekara talatin ina sauka rijiyoyin Maraɗi,
daga Bagalam har lambunan bakin Gulbi,
ba tulu, ba tabarau,
igiya a ƙugu, Bisimilla a baki,
kuma ban ga wanda ya biya don ya bi ni ba.

Ni ma ina da nawa jiragen.
Rijiyar gidan Barmo, gaba goma sha bakwai:
guga tara na tsamo, da wuƙar fawa,
da kwanon sha mai zanen fure.
Wata a Mokoyo ta ba ni makullin
da aka kori yaron shago a kansa shekara shida baya.
Na kai wa mai shagon.
Ya yi ta juya shi a tafin hannu,
can ya tambaye ni ko na san inda yaron yake.
Ban sani ba.

A ƙasa, sama takan rage kamar dala guda.
Muryar mutane na isowa a makare,
sanyi ya kama gwiwa, numfashi ya yi tsada.
Jadi ya ce can ma haka ne,
sai dai nasa duhun shuɗi ne.

Kakarmu takan nuna fadama da sandarta,
ta ce nan garin yake kafin Gulbi ya ci shi.
Yau tumatir ne a wurin, da zogale.
Bara ina haƙa wa wani mai lambu,
dagina ya bugi dutsen niƙa,
an goge tsakiyarsa har ya yi kwarmi.
Na zauna a ramin ina shafa shi
har na sama suka ɗauka iska ce ta ƙare mini.

Na tambayi Jadi: mutanen jirgin fa, suna ciki?
Saƙon ya kwana bai dawo ba.
Da safe ya ce, Yaya, dokarmu ke nan,
ko cokali ba mu ɗauka, kallo kawai, mu fito.
Ni kuwa duk abin da na tarar sai na haura da shi,
in ba haka ba, ba a biya na.

Inna har yanzu ta ɗauka dako yake a tashar jirgi.
Ban gyara mata ba.

Gobe Tibiri zan je, akuya ta faɗa tun shekaranjiya.
Cima, rubuta masa: ya ƙirga numfashinsa,
kada kyan wuri ya ɗauke masa hankali.
In ya ji kansa ya fara nauyi
ya ja igiya sau biyu.

Ta ce, Baba, su ba su da igiya.
Na ce, rubuta dai.