Katanga Ɗaya

Katanga ɗaya ce tsakanina da Babayo,
bulo inci shida, a lungun Herwagana,
ta tsattsage kamar dugadugin manomi.
In ya yi atishawa a ɗakinsa,
ni ke amsa masa daga nawa.

Aikina na dare ne, gidan burodi.
Gombe na barci ina kwaɓa fulawa,
in dawo da gira fari fat,
in yi asuba, in shimfiɗa haƙarƙari.
Daidai nan Adda Petel ke fizgar igiyar injinta.
Karo na farko ya yi tari,
na biyu ya yi gardama,
na uku ya buɗe maƙogwaro,
kwanukan matata su kama rawa a kan kanta,
ƙusa ta sako mini hulata a fuska.
Waken masu ƙosai, geron masu kunu,
attaruhu mai ratsa bango.
Har hancina ya haddace layi:
yau Talata, markaɗen gidan Malam Buba ne.

Kafin injin ya sha ruwa
Babayo ya ta da janareta,
ya hau saran ƙarfe a bakin ƙofa,
yana yi wa yaransa ihu
don su jiyo shi ta saman ƙarar da shi ya kunna.
Ruwan wankinsu ya san hanyar zaurena.
Akuyarsu ta san zogalena ganye-ganye.

Na cusa auduga. Na juya gado gabas, na mai da shi yamma.
Na aika yaro, aka ce masa to.
Na aika matata, ta dawo da ƙullu cikin kwano,
wai kyauta, wai mutanen kirki ne.
Liman ya ce haƙuri.
Na ce, Malam, haƙuri ba matashin kai ba ne.

Ranar da gyangyaɗi ya ƙona mini faranti huɗu,
maigida ya zaftare ladan kwana uku,
ko wanka ban tsaya yi ba,
sai zauren Jauro Gidado.

Na lissafa da yatsu har yatsu suka ƙare.
Babayo na duban hannuwansa
da tartsatsi ya yi wa zane.
Ya ce, Jauro, duk abin da ya faɗa haka ne.
Amma a tambaye shi babur ɗinsa.
Salansa ta fashe tun bara waccan.
Sha biyun dare yake buga shi
a gindin tagar tsohuwata, ga ta da hawan jini.
In ta firgita ba ta komawa sai assalatu.
Damina biyu ke nan, ban ce uffan ba.

Na buɗe baki.
Na laluba, babu komai a ciki.
Jauro ya ɓare goro, ya ba ni babban ɓarin,
gemunsa na rawa, bai bari dariyar ta fito ba.

Da la'asar Babayo ya kwantar da babur ɗina,
ya ɗinke salansar da wuta, ya ƙi karɓar ko sisi.
Ni na kama masa muka ja injin can bangon baya,
muka ɗora shi kan tsohuwar taya.
Adda Petel ta yarda da hutun hantsi zuwa azahar,
ban da Juma'a, ban da ranar suna.
Yanzu tura babur nake har bakin titi,
cikin duhu, kamar ɓarawon abina.

Barcin bai cika mudu ba, amma ana samu.
Tsohuwar ta aiko mini da daddawa.

Akuyar ce dai ba ta halarci zaman ba,
kuma har yau ba wanda ya sanar da ita.