Maiƙo Ya Yi Yawa

A Alappuzha, a gindin kwakwa,
Leelamma na da tanki mai tumbin saniya.
Ɓawon ayaba take ba shi, ruwan shinkafa, kan kifi,
ya biya ta da shuɗin harshen wuta
ƙarƙashin tukunyar shayi.

Da aka watse daga bikin Onam
man suya ya rage, baƙi, mai kauri.
Ɗanta Sajeevan ya ce, ai mai ɗan'uwan wuta ne,
ya tuttula shi duka.

Kwana biyu wuta na rawa har da fito.
Na huɗu ta soma tari.
Na shida, ashana uku, shiru.

Ta ɗaga murfi, tsami ya mare ta.
Can ƙasa, inda ido ba ya kai,
ƙwayoyi masu fasa maiƙo sun yi gaba da gudu,
suna ɓarin asid fiye da masu lasa.
Masu hura iskar kuwa, 'yan sannu-sannu,
kitse ya lulluɓe su, ba baki ba hanci.
Ƙoshi ne ya shaƙe su.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta jiƙa toka, ta roƙo ɗanyen kashin shanu,
ta sa tankin azumi.
Mako uku hayaƙin itace na cin idonta.

Wata Talata da asuba, ana yayyafi,
ta murɗa, ta ƙyasta.
Ɗan siririn shuɗi ya miƙe da ƙafarsa.

Yanzu man na kwalba, can saman kanta.
Cokali ɗaya, ran Lahadi.
Sajeevan kallo ne nasa.