Ƙafar da Yefim Ya Ɗaura

A bakin kogin Volga, shekarar da ƙanƙara ta narke da wuri,
filin jirgi ya zama kunu.
Taya na nutsewa, jirgi ya cije.

Manya suka aiko da takarda:
a cire taya, a sa masa sarƙar tankar yaƙi.
Yefim bakanike ya tofar da guntun taba.
"Shaho da ƙafar kunkuru," ya ce,
ya ɗauki sifana.

Kwana goma sha tara yana kwance ƙarƙashin fiffike,
giris a gemu, yatsu sun yi faso.
Kowane noti sai ya ɗaure shi sau biyu,
don Arseni ne zai hau,
Arseni da ke bin sa sukari rabin gwangwani.

Tashi ba wuya.
Sauka ce mai tonon asiri.

Jirgin ya karkato ta kan itatuwa,
sarƙa ta taɓa taɓo, ta yi kuka,
ta ci taku ɗari, ɗari biyu,
sai ta hagu ta tsinke,
ta yi sama kamar macijin da aka wurga.
Jirgin ya juya, ya durƙusa, ya yi tsit.

Arseni ya fito, jini a baki, yana dariya.
Manya suka rubuta: ba ta yi ba.

Da magariba Yefim ya bi sawun da fitila,
laka har ƙauri,
yana tsintar haƙoran sarƙar ɗaya-ɗaya,
yana neman wanda ya fara cin amana.